Fulat a Wuse 2 ko gida a Gwarimpa?

Ranka ya daɗe, ka ce an mayar da kai aiki Sakatariyar Tarayya a Abuja, kana da maiɗaki da yara huɗu, kuma dillali ya nuna maka wuri biyu da kuɗin hayarsu ya yi kusa: fulat mai ɗaki uku a sabon bene a Wuse 2, da gida mai katanga da get a Gwarimpa. Ka tambayi zauren nan wanne ya fi.

Abin da Wuse 2 ke sayarwa kusanci ne. Daga can zuwa Sakatariya 'yar gajeriyar tafiya ce, kana iya dawowa ka ci abincin rana a gida. Bankuna, asibitocin kuɗi, kantuna da gidajen abinci duk suna jere a Aminu Kano Crescent da Adetokunbo Ademola Crescent, Banex na nan in waya ta lalace, masallacin An-Nur kuma ba nisa. Mutumin Gwarimpa sai ya hau babban titin Kubwa da safe ya bi sahun ma'aikatan Kubwa, Dutse da Bwari, da yamma ya sake shan wannan cunkoson. A nan dai Wuse 2 ta yi gaba, babu musu.

Sai dai kada kuɗin hayar ya ruɗe ka. A irin waɗannan benaye akwai kuɗin hidima da ake biya daban duk shekara: masu gadi, shara, gyaran lif, wurin ninkaya da na motsa jiki, ko kana shiga ko ba ka shiga. Dizal na janareta ma a wurare da yawa lissafinsa daban ne, kuma masu kula da ginin ne ke yanke shi, kai naka biya. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, lissafin wuta ya zama abin da ake tambaya kafin a tambayi girman falo. A Gwarimpa kai ne da janaretanka ko solarka, in aljihu ya yi sanyi ka kashe. Wahalar kuma taka ce: famfon rijiyar burtsatse ya ƙone, kai za ka nemo mai gyara.

Inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne zaman kansa. Fulat ɗin nan an zana su ne don ƙaramin iyali. Bahaushe mai aiki a Abuja kuwa gidansa masauki ne: wannan ya zo ganin likita, wancan ya zo neman biza, ƙanin maiɗaki ya zo hidimar ƙasa. A bene kowane baƙo sai mai gadi ya kira ka kafin ya buɗe masa, wurin ajiye mota an ƙayyade wa kowa nasa, wasu gine-ginen har shanya a baranda sun hana. Hajiya ta daka yaji a hawa na huɗu, na ƙasa ya kai ƙara. Ragon layya fa, ina za a ɗaure shi, ina za a yanka? A Gwarimpa akwai fili, sau da yawa da boskwata a baya, yara su buga ƙwallo ba mai ce musu kanzil. Keke Napep ma na yawo cikin unguwar, alhali a tsakiyar birni tun 2006 aka hana acaɓa, wanda ba shi da mota sai tasi.

Ga kuma dare. Wuse 2 ba ta barci da wuri, gidajen rawa da wuraren shaƙatawa sun shiga tsakanin gidajen zama. Ba kowane layi ba ne, amma kada ka yarda da ganin rana. Ka koma wurin daren Juma'a wajen sha ɗaya, ka tsaya a barandar ka saurara.

Da kai kaɗai za ka zo, iyali suna gida kana leƙa su ƙarshen mako, da Wuse 2 zan ce maka ba tare da jinkiri ba. Da yara huɗu da baƙin da na san ba za su yanke ba, Gwarimpa na zaɓa maka, ka riƙa fita bayan asuba kafin hanya ta cushe. In kuma zuciyarka ta riga ta kwanta da benen, ka sa a rubuta maka kuɗin hidima da na dizal a cikin yarjejeniya, ka kuma tari wani mazaunin ginin ka ji nawa ya biya bara.