Gargaɗi ga masu kai laftof gyara Ikeja, dubu ɗari da biyar ɗina sun tafi

Wlh tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba. Dubu ɗari da biyar, 105,000, a wannan marrar da ake ciki. Kuma abin da ya fi cin raina ba kuɗin ba ne ma, yadda na tsaya ina zuba masa godiya ne, har da "Allah ya saka da alheri ɗan uwa". Ni da bakina.

Ina kasuwar Mile 12 a Legas, ni ke riƙe wa maigidana lissafin albasar da ake sauke mana daga Aliero, komai a laftof yake. Ta fara nauyi, fanka na ta ƙugi, sai na ɗauka na nufi Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Kuma kar wani ya ce min ban san Legas ba, shekarata tara a garin nan, yaran nan masu tare mutum tun daga ƙarƙashin gadar Ikeja ko kallonsu ban yi ba. Shi wannan mai gyaran da ya cuce ni sallama ya min da Hausa tsantsa, ya ce Malam daga ina, muka gaisa har da tambayar mutan gida, aka kira azahar muka yi sahu ɗaya. To don Allah wa zai kawo wani abu a ransa?

Ya kunna ta, Windows 10 ce, ya buɗe Task Manager, inda ake ganin abubuwan da ke aiki a kwamfuta, ya nuna min wani abu wai shi svchost.exe sun yi layi sun fi hamsin, ya girgiza kai ya ce Malam bairos ya hayayyafa. Sai ya shiga System32, inda fayilolin Windows suke, ya danna wani fayil cmd.exe ya buɗe Properties, ya ce duk fayil ɗin Microsoft na gaskiya yana da sa hannun dijital, duba nan ka ga akwai wurin Digital Signatures? Babu. Ya buɗe notepad.exe, babu. Ya buɗe na Chrome sai ga shi ɓaro-ɓaro. Da idona na gani fa, shi ya sa nake cewa ba wauta na yi ba, hujja ya nuna min. Ya dafa kafaɗata ya ce "Malam amana ce tsakaninmu, da wani ne sai na ce ya sayi sabuwa." Wannan amana ce ɗin ita ke ta dawo min a kunne.

Wankewa 45,000, lasisin maganin bairos na shekara uku 60,000. Au na manta, tun kafin mu je sallah ma ya karɓi 45 ɗin wai zai sa yaro ya fara aiki, ragowar 60 ɗin kuma taransifa na yi zuwa asusun wata mai POS, ba sunansa ba, ya ce nasa na da matsalar netwok. A nan ya kamata in farga. Ban farga ba.

Ɗan yayata da ke karatun kwamfuta a Yaba shi ya tona asirin ranar Asabar da ya zo Agege gaishe mu. Ina ba shi labari ina alfahari sai ya ce Kawu kawo in gani. Ashe yawancin fayilolin Windows ba a jikinsu sa hannun yake ba, yana cikin wani kundi daban da ake kira katalog a cikin catroot, shi ya sa wurin ba ya fitowa a Properties. Ya sauko da Sigcheck, abin duba sa hannun fayil ne, kyauta daga Microsoft, ya gwada cmd.exe ɗin nan dai, ga shi an rubuta sa hannun Microsoft lafiya lau. Ya buga sfc /scannow, mai duba ko fayilolin Windows sun lalace, bai samu komai ba. Yawan svchost kuma wai tun 2017 haka Windows 10 ke rarraba su in dai RAM ya wuce 3.5GB. Kenan lafiyayyar kwamfuta na biya aka wanke, nauyin ma ƙura ce ta toshe fanka.

Sai maganin bairos ɗin da mai gyaran ya sa min na 60,000 ɗin. Shi yana da sa hannu kam, har ya nuna min a shagon yana cewa ka ga bambanci ko, amma sunan wani kamfani ne da ba wanda ya taɓa ji. Ɗan yayar tawa ya ɗora shi a VirusTotal, shafin da ke duba ko fayil na da bairos, sai ga ja ja ja. Ya ce Kawu sa hannu abu biyu kawai yake faɗa, wa ya fitar da fayil ɗin, da kuma ba a taɓa shi ba tun lokacin, ba ya ce maka mai shi mutumin kirki ne. Wai ko bairos ɗin Stuxnet a 2010 da satifiket ɗin sa hannun kamfanin Realtek da aka sace ya shiga, manhajar share kwamfuta ta CCleaner ma a 2017 da sahihin sa hannu aka raba gurɓatacce. Dole muka goge komai muka sake Windows, na canza fasuwod ɗin banki da na imel tsakar dare, ina gumi.

Litinin na koma. Mai shagon ya ce shi bai san shi ba, gefen tebur kawai yake ba shi haya wani lokacin. Lambarsa a kashe. Kuma har yanzu ban faɗa wa maigida cewa 60 ɗin daga kuɗin kasuwa na ara ba, 105,000, ya Salam.

Sikirinshot na alat da na VirusTotal duk suna nan, zan saka anjima in na rufe sunan yarinyar POS ɗin, don ita ƙila ba ta san komai ba. Duk wanda ya ce maka rashin Digital Signatures bairos ne, rufe laftof ɗinka ka tashi. Kuma kar ka tura kuɗi asusun da ba sunan mai gyaran ba.