Shanu, Alfadarai ko Dawakai: Me Ya Kamata Mai Tafiya Oregon Ya Saya a 1850?

Ɗauka kana garin Independence na jihar Misuri a Amurka a watan Afrilun 1850, gabanka tafiyar sama da kilomita 3,000 zuwa Oregon da ke can yammacin ƙasar, wata huɗu zuwa shida a hanya. Kuɗinka ba su da yawa, kuma abin da zai ja amalankenka shi ne rayuwarka.

Doki dai ka manta da shi. Sai da hatsi yake aiki, ciyawar daji kaɗai ba ta riƙe shi, ga shi abin sha'awar ɓarayi. Alfadari ya fi sauri kuma yana jure zafi, amma ya fi bijimi tsada nesa ba kusa ba, ga taurin kai, ga kuɗin kayan ɗauri na fata.

Sayi shanu, dandaƙaƙƙun bijimai, biyu-biyu a karkiya. Karkiya biyu za su ja, amma uku ne kwanciyar hankali, don idan ɗaya ya gurgunce ba ka tsaya ba. Tafiyarsu kusan kilomita 24 a yini, ba su da gaggawa, sai dai duk ciyawar da suka samu ci suke, suna fita daga laka da yashi, kuma ranar da abinci ya ƙare nama ne. Ba a sa musu linzami. Mai kora yana takawa ne a gefen hagu da bulala da murya. Nemi ɗan shekara huɗu zuwa shida. Buɗe bakinsa: haƙoran gaba manya, ba su zaizaye ba. Sannan kofato, wanda a ganina ya fi ƙiba muhimmanci, domin duwatsun bayan sansanin soja na Fort Laramie kofato suke ci. Tanadi takalman ƙarfe, biyu ga kowace ƙafa tunda kofaton a tsage yake, kuma sai an kayar da bijimin an ɗaure kafin a buga, don ba ya iya tsayuwa da ƙafa uku. Ka kuma kiyaye su daga tafkunan ruwan kanwa kafin kogin Sweetwater. Sun kashe shanu ba adadi.

Amalanken ma haka. Ƙaton nan da ake kira Conestoga na ’yan kasuwar Fensilbaniya ne, nauyinsa zai kashe maka dabbobi. Nemi ƙaramin amalanken gona mai rufin tamfol, faɗi wajen ƙafa 4, tsawo 10 zuwa 12, kaya kada su wuce tan ɗaya.

Yanzu ga inda ake cutar baƙo. Dillali zai kawo maka bijimai masu sheƙi ya rantse horarru ne. Kada ka biya sai an ɗaura musu karkiya a gabanka sun ja kaya, sun juya dama da hagu. Wanda bai taɓa aiki ba, wuyansa sumul yake, babu kanta. Mai sayar da amalanke kuma fenti ne makaminsa: yana rufe ɗanyen katako da shi. Ɗanyen katako idan ya shiga busasshiyar iskar yamma sai ya tsuke, zoben ƙarfen ƙafar amalanken ya yi sako-sako ya fice, ƙafar ta wargaje a inda babu maƙeri. Kankare fentin da wuƙa ka gani. Ko busasshen ma sai kana jiƙa ƙafafun a rafi da dare, kana shafa kwalta da kitse a mahaɗarsu. A kan hanya akwai ’yan kasuwa masu karɓar gajiyayyun shanunka biyu su ba ka ƙosasshe ɗaya, su yi kiwon naka su sayar wa na baya.

Mafi haɗari shi ne mai tallar gajeriyar hanya. A 1846 ayarin Donner na masu ƙaura zuwa Kalifoniya ya bi yanken da wani mai suna Lansford Hastings ya tallata, suka yi asarar makonni da shanu a hamadar gishiri ta Yuta, dusar ƙanƙara ta rufe su a duwatsun Saliyara Nebada. Cikin mutum 87, kusan rabi ba su fito da rai ba.