Kruger da motar haya: wanda ya lissafa kilomita ya sha ƙasa

Gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu yana cikin wurare ƙalilan a nahiyar nan da mutum zai ɗauki hayar ƙaramar mota, ya biya kuɗin ƙofa, ya shige cikin giwaye da zakuna ba direba ba ɗan rakiya. Wanda ya saba da Yankari, inda ake haɗa ka da jagora kafin ka nausa daji, abin zai zo masa banbaraƙwai. A ganina kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma da sharaɗi: ka tsara tafiyarka da awa, ka manta da kilomita. Yawancin masu dawowa suna ƙorafi a nan suka yi tuntuɓe.

Ga dalili. Faɗin gandun ya kusa murabba'in kilomita 20,000, ya ninka Yankari fiye da sau takwas, tsawonsa daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 360. Dokar gudu kilomita 50 ce a awa a kan kwalta, 40 a hanyar burji, kuma akwai jami'ai masu na'urar auna gudu da ke cin tara. Sai dai ko wannan 50 ɗin mai neman dabba ba ya kai ta. Da 20 zuwa 25 ake tafiya, in ba haka ba damisa tana kwance a reshe ka wuce ta kana kallon titi. Daga sansanin Skukuza zuwa na Satara, wato wuraren kwanan baƙi a cikin gandun, kilomita 93 ne. A takarda kamar ka leƙa ka dawo kafin azahar; a zahiri awa huɗu ce, in garken ɓauna bai tare hanya ba. Idan ya tare, babu hon, babu ratsewa ta cikin ciyawa, sai jira.

Ƙofofi kuma ba sa jiran kowa. Daga Mayu zuwa Yuli ana buɗewa 6:00 na safe a rufe 5:30 na yamma. Daga Nuwamba zuwa Janairu ƙofar sansani na buɗewa tun 4:30 na asuba, a rufe 6:30. Wanda ya makara zai tarar da ƙofa a garƙame, a rubuta lambar motarsa, tara ta biyo baya, kuma "zaki ne ya tsare ni" uzuri ne da masu gadi suka gaji da ji. Dabarar ita ce awa ta ƙarshe ta same ka cikin kilomita 10 zuwa 15 daga inda za ka kwana. A Lower Sabie abin ya zo da sauƙi, don tafkin Sunset Dam yana bakin sansanin: dorina, kada da tsuntsayen ruwa ga su nan, ka kashe mota ka zauna har saura minti goma.

Maganar mota. Ba a buƙatar jif mai jan ƙafa huɗu. Manyan hanyoyi kwalta ne, na burjin ma ƙaramar mota na bi. Amfanin doguwar mota tsayin kujera ne kawai, musamman bayan damina da ciyawa ke kai ƙugu. Abin da ya fi muhimmanci ga ɗan Najeriya ko Nijar shi ne can hannun hagu ake bi, sitiyari yana dama, giya a hannun hagu. Ka ƙara kuɗi ka ɗauki otomatik. Ranar da za ka ja da baya a gaban giwa ba ranar koyon neman ribas da hannun hagu ba ce. Kamfanonin haya suna neman katin banki don riƙe kuɗin ajiya, kuma inshorar da ke cikin farashi sau da yawa ba ta shafi taya da gilashin gaba ba. Su ne kuwa abin da burji da ƙaya ke ci, don haka a saye ta daban, a duba sifiya da jak kafin a bar filin jirgi. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa yana rage gardama a kanta. Biza da katin allurar shawara dole ne.

Daga filin jirgin O.R. Tambo na Johannesburg zuwa ƙofar Malelane ta babbar hanyar N4 kimanin kilomita 400 ne, awa biyar da tsayawa, da shingayen biyan kuɗin hanya. Wanda jirginsa ya sauka da rana kada ya yi gangancin cewa zai kwana cikin gandun a ranar. Ya kwana a birnin Mbombela da ke kan hanya, ya yi cefane, ya yi sammako. Idan taswirar waya ta nuna ƙofar Numbi, a ƙi. Hanyar da ke kaiwa can ta yi ƙaurin suna, a 2022 'yan fashi sun harbe wani Bajamushe ɗan yawon buɗe ido a kanta. Ƙofofin Phabeni, Paul Kruger ko Malelane sun fi kwanciyar hankali.

Masauki a hannun SANParks yake, hukumar kula da gandayen dajin ƙasar, ana kama ɗaki ta intanet tun wata 11 kafin lokaci, kuma na bakin kogi a Lower Sabie da Olifants su ke fara ƙarewa, balle lokacin hutun makarantu na Disamba da na tsakiyar shekara. Ɗakunan da aka fi samu zagayayyu ne masu jinka, da gado biyu ko uku, banɗaki, na'urar sanyaya ɗaki, firji a baranda da murhun gashi a ƙofa. Tsafta ba laifi, amma gini ne na gwamnati da ya kwana biyu: wani famfon yana ɗiga, wata ragar taga ta yage. Mai neman otal mai tauraro biyar ya nemi wani wuri. Soket ɗinsu mai manyan ƙafafu uku zagayayyu ne, filoginmu ba ya shiga, sai da adafta. Bayan kuɗin ɗaki akwai kuɗin kula da gandu da ake biya kullum a kan kowane mutum, na baƙon ƙasar waje ya haura rand 500 na kuɗin ƙasar, yara rabi. Shi ke kumbura lissafin iyali, kuma shi mutane ke mantawa.

Firjin barandar nan kuwa, birai sun san yadda ake buɗe shi. A juya ƙofarsa ta kalli bango, ko a kulle kejin idan akwai. A Satara dage ne ke kifar da kwandon shara da dare.

Don kwana biyar, abin da ya fi dacewa shi ne biyu a kudu, biyu a Satara, ɗaya a Olifants, ko ma a tsaya a sansani biyu kawai. Kudu ya fi yawan dabbobi, ya kuma fi cunkoso. Hanyar H4-1 da ke bin kogin Sabie, kilomita 43 tsakanin Skukuza da Lower Sabie, ita ce ta fi suna wajen damisa, amma da an hango ɗaya sai mota ashirin ta taru, har da motocin yawon buɗe ido masu kiran juna ta waya, kai kana ganin bindi ta tsakanin motoci biyu. Wannan ne babban aibin Kruger. Tsakiya, inda Satara take, fili ne mai ciyawa da jakin dawa da raƙumin dawa, zakuna na biye da su. Hanyar S100 kusa da Satara da sassafe ta cancanci sunan da ta yi. Arewa kurmin bishiyar mopane ne da kuka jefi-jefi, giwa da ɓauna, shiru, kana iya awa guda ba ka gamu da mota ba. Ba wurin ɗan fari ba ne, zai ce an cuce shi.

Neman dabba sana'a ce da ake koya cikin kwana biyu. A sauke gilashi, a kashe rediyo. Impala, irin barewar da ta cika gandun, idan duk sun daina kiwo sun zuba ido wuri guda suna huci, akwai abin da suka gani. Haushin gwaggon biri daga kan bishiya haka. Ungulu a sama ba komai ba ne, amma ungulu jere a kan busasshen itace na nufin mushe a ƙasa, mai shi kuma bai tashi ba. Awa uku na farkon safiya da biyu na ƙarshen yamma su ne kasuwa. Tsakar rana kowa na inuwa, kai ma ka nemi taka. A rani, Mayu zuwa Satumba, zama na awa ɗaya a bakin mashaya ya fi yawon kilomita 30 riba. Kowane sansani yana da allon taswira da ake liƙa alamar inda aka ga me, sai dai ba a sa karkanda, saboda mafarauta. Madubin hangen nesa kowa da nasa, in ba haka ba rigima a mota.

Giwa ce haɗarin gaske, ba zaki ba. Zaki bai damu da mota ba. A bar tazarar mita 50, kada a shiga tsakanin uwa da ɗa, kada a kashe inji, kuma a tabbata akwai hanyar ja da baya kafin wata mota ta toshe ta. Kaɗa kunne a hankali fifita ce kawai. Girgiza kai, buɗe kunnuwa da tunkaro mota gargaɗi ne. Toron da ruwa ke tsiyaya a gefen kansa, fitsari na ɗiga yana jiƙa ƙafafun baya, yana cikin lokacin zafin kai, kuma irinsa ya sha kifar da motoci a gandun nan.

Fita daga mota haramun ne sai a wuraren da aka keɓe, irin Tshokwane, Nkuhlu da Afsaal, ko tsakanin layukan rawaya a kan gadar kogin Olifants. Wannan ya shafi banɗaki, ya shafi salla. A tsara azahar da la'asar su faɗo a ɗaya daga cikin wuraren nan ko a sansani, matafiyi yana da rangwamen ƙasaru da haɗawa. Alƙibla can arewa take da ɗan karkata gabas, ba gabas ɗin da muka saba ba. Shagunan sansani suna da burodi, shinkafa, ƙwai, madara da gawayi, amma naman ba lallai ya zama na halal ba. A sayo a Mbombela wajen mahauta Musulmi ko mai tambarin SANHA, hukumar tantance halal ta ƙasar, a zuba a kula da ƙanƙara.

Sanyin asubar Yuni da Yuli ya fi na hunturun Kano cizo, a zo da rigar sanyi ta gaske. Daga Oktoba zuwa Maris zafi ne da ruwa da sauro, yankin na zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ruwa mai ƙarfi yana sa a rufe hanyoyin burji da ƙananan gadoji irin ta ƙofar Crocodile Bridge. Tuƙin dare ba naka ba ne. Ana biya daban a hau babbar motar hukumar mai fitilu, wajen awa biyu zuwa uku. Dare ɗaya ya isa, kuma a kama kujera tun ranar da aka sauka, don ta Satara da Lower Sabie ba ta kwana.