Hattara da mai sayar da fulawar rataye a WhatsApp, ta cinye mini jika 23

'Yan uwana mata na Maradi, ina rubutun nan hannuna na rawa. Jika 23 wata mata ta cinye mini a kan fulawar ɗaki. Jika 23, a tsadar nan da ake ciki.

Mai yaɗon nan nake nufi da ake ratayewa, mai ganye siffar zuciya, wadda ake kira pothos. Kada wani ya ce ban san abin da nake saye ba, na san ta sarai. Ƙawata a unguwar Zariya tana da mai ratsin rawaya, reshe ɗaya ta tsoma a kwalbar ruwa ya yi saiwa, yau ga shi ta sauko daga saman kabad har ta kusa taɓa ƙasa. Ba ta son rana ta buge ta, hasken taga ya ishe ta, ruwa kuma sai ƙasar tukunya ta bushe, in ka cika mata saiwar ce ke ruɓewa. Za ku ce me ya hana in yanko a wurin ƙawar tawa. Ni mai farin ratsi nake so, wadda ta riga ta yi tsawo, saboda baƙin bikin ƙanwata a falona za su sauka.

A wani guruf na mata na ga tallar. Ta ce a Yamai take, daga Kwatano take kawo kaya. Tukwane uku na rataye, jika 15. Ban tura kuɗi haka kawai ba, sai da na ce ta ɗauko mini bidiyo. Ta ɗauko, ga tukwane jere, ganye shar. Sannan ta aiko murya, ita ce har yanzu take yi mini yawo a kunne: "Hajiyata, ni ma uwa ce, ba zan ci haram in shayar da 'ya'yana ba." Har da kukan jariri a bayanta. Ku gaya mini wace ce za ta ji wannan ta ce ƙarya ne? Na saurari muryar nan na sake saurara, babu gargada ko kaɗan. "Hajiyata, ni ma uwa ce."

Da na je aika kuɗin sai na ga sunan namiji. Na kira ta nan take, ta ce ai na maigidanta ne, katinta ya ɓata. Mu nawa ne muke karɓar kuɗi da sunan mazajenmu? Na tura 15. Sai ta ce kuɗin mota jika 5. A'a, kafin na mota ma akwai maganar iri, ta ce tana da irin wata mai shuɗin ganye, saura ƙulli biyu, jika 3. Wannan tun ranar farko ta fara yi mini ita. Ko ma dai yaya ne, 15 da 5 da 3, jika 23 ke nan cif.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kaya sun iso. Da ba ta aiko komai ba da ya fi mini sauƙi. Na hau kabu-kabu na je tasha, na buɗe kwalin a gaban mutane don zumuɗi. Gwangwanayen tumatir uku cike da yashi. Biyu an soke ganyen pothos a ciki, ganye tsura, babu gaɓa ko ɗaya, alhali daga gaɓar reshe saiwa ke fitowa, ganye kaɗai ba zai taɓa yin yaɗo ba. Na ukun kuwa ina jujjuya shi sai wani ɗan kamasho ya leƙo ya ce, "Hajiya, ai wannan yaɗon dankali ne." Mutane suka kwashe da dariya. Ni da aka haifa a garin nan, a tasha ake nuna mini dankali.

Irin kuma na kai wa yayana da ya karanta aikin gona a jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo. Yana zubawa a tafinsa ya ce irin yakuwa ne. Ya ce pothos da wuya ta yi fure a gida, da reshe ake yaɗa ta, to daga ina iri zai fito? Mai shuɗin ganye irin na hotonta kuwa rini ne na waya. Bidiyon ma ashe a lambun wani ta shiga ta ɗauka.

Tun ina tasha nake kiranta, layi a kashe. Kafin la'asar ta toshe ni, ta fice daga guruf ɗin. Allah ya isa, ban yafe ba.

Kada ku sayi irin pothos a wurin kowa. Kada ku biya sai kun riƙe tukunyar kun ga gaɓa da saiwa. In kun samu ta gaskiya ku rataye ta sama, ganyenta na ƙona bakin yaro in ya tauna.

Hotunan hirarmu da rasit ɗin duka suna nan, anjima zan ɗora su har da muryar. Duk wadda ta yi wa irin wannan ta yi mini magana ta ciki, mu haɗu mu kai ƙara wurin 'yan sanda.