Jirgin balsa mai naɗe fukafukai, harbin farko ya karye min

Wallahi ranar da na fara harba jirgin wasan nan na balsa, wato wani katako mara nauyi, saura ƙiris na zuba shi a kwandon shara har da kwalin. Guda biyu ne a ciki, Allah ya sa, don na farkon ko minti ɗaya bai yi a hannuna ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, fukafukan ake naɗewa baya su kwanta jikin jirgin, ka maƙala ƙugiyar ƙasan hancinsa a robar danko ka ja ka saki. Ƙarfin iska ne ke danne fukafukan yana tashi, sai gudu ya ragu can sama sannan wata 'yar siririyar roba ta fizgo su su buɗe ya fara shawagi. Tsohon tsari ne ma, Jim Walker na Portland a Amurka ya yi suna da irinsa, har sojojin Amurka sun koyi harbo jiragen sama da su lokacin yaƙin duniya na biyu.

To wannan 'yar robar ita ce ta cuce ni. Wadda suka saka a kwalin ta yi kauri da yawa, na ja danko da ƙarfina na saki, jirgin bai ko wuce tsayin bishiya ba fukafukan suka buɗe da gudun nan, sai na ji ƙas! fiffiken hagu ya tsage daidai inda yake juyawa, ya faɗo yana wulwulawa. Takardar cikin kwalin hotuna ne kawai, ko layi ɗaya babu kan ƙarfin roba, na tura wa mai sayarwar saƙo sai bayan kwana huɗu ya amsa wai na bi takardar. Wace takardar fisabilillahi?

Na biyun sai na bi shi a hankali. Na canza roba mara kauri, na ɗiga sufa gulu a gindin fukafukan, na goge bakinsu na baya da sanfefa. Da farko ya riƙa ɗaga kai yana tsayawa yana sunkuyawa, alamar hancin ya yi sauƙi kenan, na manna masa ɗan yumɓu bai fi kan ashana ba ya daidaita. Jelar kuma huci na yi mata da baki na ɗan lanƙwasa ta don ya riƙa zagaye maimakon ya miƙe ya ɓace min, balsa na jin danshi nan da nan shi ya sa take lanƙwasuwa, amma kaɗan-kaɗan fa in ba haka ba ta tsage.

Gaskiya daga nan na manta haushin. Yadda yake hawa tsaye kamar kibiya, ya ɗan yi shiru can sama, sai ka ga fukafukai sun buɗe fal, abin na da daɗin kallo ba kaɗan ba. Wata rana da hantsi ya faɗa cikin iska mai ɗumi da ke hawa sama, maimakon ya sauko sai ya ƙara hawa, ya fi minti ɗaya yana zagaye ni kuma ina binsa da gudu wuya a sama ina dariya ni kaɗai.

Har na so na ba shi tauraro biyar, sai na tuna ƙugiyar hancin ma da kanta ta ɓalle a sati na biyu na sake manna ta na ɗaure da zare, kuma fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi tun daga kwali, sai da na sa ɗan yumɓu a ƙarshen mara nauyin. Tauraro uku na ba shi. Wanda ya karye har yanzu yana kan tebur, duk na kalle shi sai na tuna saƙon mutumin nan.