Samfurin gishiri mai ƙwallaye 27: yana da amfani, amma sai malami ya tsaya a kansa

A shagunan kayan ɗakin gwaje-gwaje ana sayar da samfurin roba da ke nuna yadda ƙwayoyin zarra na gishirin miya suke jere. Cikin kwalin akwai ƙwallaye 27 da sanduna 54. Koraye 14 su ne kilorayid, sauran 13 sodiyam, wato sinadarai biyun da suka haɗu suka zama gishiri. Kafin a biya kuɗi a duba ramukan: kowace ƙwallo ta zama da rami shida, tsakaninsu digiri 90. Masu rami huɗu na kabon ne, ba za su haɗa gishiri ba.

Hawa-hawa ake haɗa shi. Kowane hawa ƙwallaye tara da sanduna 12, launi na bin launi. Na ƙasa koraye biyar, na tsakiya huɗu, na sama biyar, sannan sanduna 18 su ɗaure hawa ukun, ya fito kamar dunƙulen Maggi. Idan sanda ta ƙi shiga, a jiƙa ta a ruwan ɗumi. Kada a bar shi a rana, robar takan lanƙwashe.

Ƙwallon tsakiya ita ce ke biyan kuɗinsa. Ɗalibi na ganin sodiyam ɗaya da kilorayid shida kewaye da shi, abin da zanen allo ba ya iya fitarwa.

Matsalar tana wajen ƙirga. A gishiri, yawan sodiyam daidai yake da na kilorayid, amma yaro zai ƙirga 14 da 13, ya ce ai ba ɗaya da ɗaya ba ne. Dole a nuna masa cewa samfurin dunƙule ɗaya ne cikin masu yawa da ke jere a gishiri, kuma ƙwallayen gefe na tarayya ne da dunƙulen da ke maƙwabtaka da shi. Ta kusurwa kashi ɗaya cikin takwas ce ke ciki, ta fuska rabi, ta baki rubu'i. Kusurwa takwas sun ba da ɗaya, fuska shida uku, kilorayid huɗu ke nan. Baki 12 sun ba da uku, da ta tsakiya, sodiyam huɗu.

Sandunan ma suna ruɗarwa. Babu irinsu a gishiri, jan da ke tsakanin cajin lantarki mabambanta na sodiyam da kilorayid ne ke riƙe da shi har sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Celsius ya narke. Ƙwayoyin kuma a manne suke, kilorayid ya kusan ninka sodiyam a faɗi, amma wasu samfuran girma ɗaya suke ba su. A nemi mai koraye manya. Malamin sakandare da zai yi wannan bayani, ya saya.