Hirodotus, Tusididis ko Aflatun: Wanne Za Ka Fara Saye?

Idan kuɗinka na littafi ɗaya ne, kuma tarihin tsohuwar Girka kake so, sayi Hirodotus. Babban zancensa shi ne yaƙin Girkawa da daular Farisa, irin su gumurzun Maraton a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da na Salamis a 480, amma mutumin ba ya iya tafiya bai ratse ba. Kashi na biyu cikin tara na littafin duk a kan Masar ya ƙare, a na huɗu kuma har ya taɓo Garamantawa, mutanen hamadar kudancin Libiya ta yau. Kamar hirar dattijon da ya sha yawon duniya ce, da tsaba da tsakuwa, kuma shi da bakinsa ya ce ba dole ne ya gaskata duk abin da aka faɗa masa ba.

Tusididis ba ya wannan wasa. Kwamandan yaƙi ne na Atina da aka kora a 424, sai ya zauna ya rubuta yaƙin garinsu da Sipata, wanda aka fara a 431 aka gama a 404. Littafin ya yanke a 411, don haka kada ka koma wa mai kanti da rigima cewa an yage maka ƙarshe. Ɗalibin siyasa ya fi kowa amfana da shi.

A falsafa kuwa, da yawa suna fara ɗaukar Jamhuriya ta Aflatun, su ajiye tun ba su kai rabi ba. Gara ka nemi ɗan ƙaramin kundin Aflatun da ya haɗa jawabin malaminsa Sukurat a gaban kotu a 399 da labarin mutuwarsa. A zama biyu ka gama. Aristotul a bar shi sai daga baya, domin abin da ya iso mana nasa ya fi kama da bayanan darasi, a bushe yake. Wanda ya karanta Sullam na Akhdari a zaure dai zai ga ya san hanyar, tunda manɗiƙin da ke cikinsa, wato ilimin kafa hujja, daga wurin Aristotul ya samo asali.

Sai batun bugu. Penguin Classics da Oxford World's Classics sun wadatar, da gabatarwa da bayanai. Loeb mai koren bango, Girkanci a hagu Turanci a dama, na mai koyon yaren ne, ga Hirodotus kaɗai juzu'i huɗu. Fassarar Aflatun da Jowett ya yi a 1871 kyauta take a intanet, kada a sayar maka da ita da tsada cikin sabon bango.

Kafin ka biya, nemi sunan mai fassara, sannan ka duba gefen shafi. Aflatun na kirki yana da lambobi irin 17a, Aristotul irin 1094a. Da su malamai ke nuna wuri, kowane bugu suka riƙe, kuma bugun da ba shi da su zai wahalar da kai ranar rubuta takarda.